Rafin da Aka Goge a Taswira

Ranar da dutse na farko ya faɗo gidan, Mai Awo yana zaune a baranda, ya cire takalman aiki ya jingine su da bango don jar lakar da ta manne musu ta bushe. An yi ruwa tun azahar an ɗauke, sai ragowarsa da ke ɗiga daga bakin kwano cikin bokiti, ɗaya bayan ɗaya. Matarsa tana kicin tana suyar albasa. Auta, 'yarsu ta ƙarshe, mai shekara goma sha huɗu, ta baje littattafanta a tabarma kusa da ƙafarsa, tana zane tana gogewa tana tsaki.

"Baba," ta ce ba tare da ta ɗago ba, "malaminmu ya ce kowa ya zano garin nan yadda yake kafin a haife shi. Na ce ni kam na huta, ai babana ne ya auna garin kaf."

Ya yi 'yar dariya. "Ashe ni aka ba aikin gida, ba ke ba."

"Wata 'yar ajinmu ta ce wai da can rafi ya bi ta unguwar nan. Wai har da tafki, ana kama kifi. Da gaske ne?"

Mai Awo ya mayar da kallonsa kan bokitin. "Surutun yara ne," ya ce. "Babu wani rafi a nan. Zana titi da kasuwa da tudun gabas, ya ishe ki."

Bai gama rufe baki ba aka ji ƙarar abu a kan kwano. Ya gangaro a hankali, ana jin tafiyarsa daga tsakiyar rufin har baki, sannan ya faɗo tsakaninsu, daidai kan takardar Auta. Dutse ne mai girman ƙwai. Yarinyar ta yi tsalle ta koma gefe. Uwar ta leƙo da ludayi a hannu tana cewa 'ya'yan unguwar nan ba su da aiki sai harbin tsuntsu, wata rana sai sun tsiyaye wa wani ido.

Mai Awo ya ɗauki dutsen. Sanyi ƙalau, jiƙe sharkaf, sumul kamar an goge shi, gefe ɗaya kuma kore ne da gansakuka. Shekara ashirin da biyu yana haƙa ƙasar garin nan yana kafa turaku, ya san kowane irin dutse da ke cikinta. Jar marmara ce, sai tsakuwar da ake kawowa a tifa. Irin wannan dutse ruwa mai gudu ne kawai ke sassaƙa shi, kuma rabon da ya ga irinsa shekara tara ke nan. Ya zura shi aljihu. Aka kira sallar magariba, ya tashi ya yi alwala.

Lokacin da ya zo garin yana saurayi, da na'urar awo mai ƙafa uku a kafaɗa, wurin bai wuce zangon manyan motoci ba: 'yan rumfunan masu shayi a bakin hanya, masallaci ɗaya, da gidaje da ba su kai ɗari ba a gangare. Gabas tudu ne mai duhun itatuwa. Daga gindin tudun rafi yake fitowa, ya karkato ta cikin gonakin ayaba da rake, ya zuba a wani babban tafki, daga nan ya fita ta kudu, ya kauce wa gidajen mutane, ya tafi ya sami kogi. Mata na ɗibar ruwa a wurin, masu wanki na shanya a kan duwatsu. Da yamma kukan kwaɗi ba ya barin mutum ya ji abin da na kusa da shi ke faɗa.

Sai aka zuba wa hanyar kwalta. Birni, wanda a da tafiyar rabin yini ne, ya dawo tafiyar awa guda. Waɗanda haya ta kora daga can suka fara ɓullowa da asuba suna tambayar fili. Gonakin ayaba suka zama fulotai, fulotai suka zama unguwanni, aka sare duhun tudun aka jera gidaje hawa-hawa har ƙoli. Kasuwa ta ci makarantar farko, makaranta ta koma bayan gari, kafin shekara uku bayan garin ya zama tsakiya. Duk wannan da tef ɗin Mai Awo aka yi shi. Shi ya yanka garin kamar yadda tela ke yanka yadi, har sunansa na yanka ya ɓace, yaro da babba sai Mai Awo.

Da fili ya ƙare, sai ido ya koma kan ruwa. Wani ɗan kwangila ya zo ofishin filaye da murmushi da turare mai ƙarfi, ya ce yana son tafkin. Doka ba ta yarda a yi gini a kan hanyar ruwa ba. Amma doka takarda take karantawa, takarda kuwa Mai Awo ke zana ta. Ya zauna wata Asabar ofis babu kowa, ya shimfiɗa sabuwar takarda a kan tsohuwar, ya kwafe titi, ya kwafe tudu, ya kwafe iyakoki. Da ya zo kan shuɗin layin nan sai ya ɗaga hannunsa ya wuce. Abin bai ɗauke shi minti biyar ba. Wata uku tifofi suna juye jar ƙasa, katafila tana dannewa. Aka fitar da fuloti arba'in, aka ba shi na kan kwana, wanda ya zauna daidai inda ruwan ke fita daga tafkin. A nan ya gina gidansa, da tayil da silin da katanga mai tsawo.

Damina biyu ba a ji komai ba. A ta uku aka yi ruwan kwana biyu ba ɗaukewa. Ruwan tudu ya sauko ya nemi tsohuwar hanyarsa, ya tarar da katanga, sai ya juya yamma ya afka unguwar gangare, inda 'yan asalin garin ke zaune a gidajen ƙasa. Ɗaki goma sha ɗaya suka zube. Mutum ɗaya ta rasu, matar wani mai wanki, wadda ta koma ciki ɗauko ƙaramin ɗanta, ta miƙo shi ta taga, bango ya rufta mata. Aka kafa kwamitin bincike, aka kira Mai Awo. Ya baje sabuwar taswira a kan tebur, ya ce a iya saninsa babu wani rafi a wurin, 'yar kwatar ruwan sama ce kawai, kuma mutanen gangare su suka toshe lambatunsu da shara. Aka rubuta haka, aka rufe fayil.

Tsohuwar taswirar kuwa bai iya ƙona ta ba. Ya naɗe ta cikin wani dogon gwangwani ya ajiye a saman durowar kaya. Mai wankin kuma har yanzu shi ke yi masa wanki da guga. Duk Alhamis da yamma sai ya zo da ƙunshi a bayan keke, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, an wuni lafiya?" Mai Awo ya kan amsa yana kallon wani wuri.

Washegari da faɗowar dutsen, daidai lokacin da rana ta yi ja, aka sake jefowa. Uku wannan karon. Jibi bakwai. Ba su taɓa zuwa da rana tsaka ba, ba su kuma wuce sallar isha. Tsakanin nan ne kawai, lokacin da haske ke janyewa, kaji na shiga akurki, hayaniyar titi tana yin ƙasa. Maƙwabcinsu tela ya hau tsani ya zauna a kan katanga da bulala, ya rantse sai ya kama ɗan da ke wannan aiki ya ɗinke masa hannu da keke. Yana zaune a wurin dutse ya faɗo daga sama, a miƙe, ya dira kusa da gwiwarsa. Tela ya sauko bai nemi tsani ba, ya bar bulalarsa da takalmi ɗaya. Tun daga ranar ba ya gaishe su sai daga nesa.

Daga baya duwatsun suka daina tsayawa a kwano. Sai a gan su a tsakiyar falo, taga a rufe, silin lafiya lau, kowanne da ɗan ruwansa a ƙarƙashi. Bangon kudu ya fara tsatsafo da danshi har fenti yana ɓarewa. Wata magariba matar ta idar da salla, ta daɗe goshinta a ƙasa, sannan ta ɗago ta ce a hankali, "Baban Auta, sa kunnenka a nan." Ya durƙusa ya kara kunnensa a tayil. Ruwa ne ke gudu a ƙasa, ba ɗiga ba, gudu sosai, irin na rafi a kan duwatsu. Can cikinsa kuma kamar muryoyin mutane da yawa suna magana ƙasa-ƙasa, kamar masu shawara.

"Famfo ne ya fashe," ya ce.

"Kwana huɗu ke nan ba a kawo ruwa ba," in ji ta. Ta dube shi irin kallon da ba ta taɓa yi masa ba.

Auta ce ta fi kowa shiru a kwanakin nan. Yarinyar da a da sai an ce ta rufe baki a samu a ji labarai, ta koma zama a gindin bangon kudu, ta jingina bayanta da danshin. Abinci sai an matsa mata. Kayanta kullum a jiƙe, ba a ga lokacin da ta taɓa ruwa ba. Aka kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka ce ba a ga komai ba, a ba ta hutu. Abu ɗaya take yi, zane. Ta cinye littafin makaranta, ta koma bayan kalanda.

Wata yamma da ta shiga banɗaki, Mai Awo ya ɗauki takarda ɗaya ya shige ɗakinsa ya sa sakata. Ya sauko da gwangwanin, ya hure ƙura, ya shimfiɗa tsohuwar taswirar a kan gado, ya ɗora zanen 'yarsa a gefe. Ga rafin ya fito daga gindin tudu. Ga karkatar da yake yi a gonar rake. Ga tafkin da siffarsa ta ƙoda, ga ɗan tsibirin da ke tsakiyarsa, wanda shi kansa ya manta da shi. Ko kuskuren gashi ɗaya babu. Ya zauna a bakin gadon, takardun biyu a gabansa, har duhu ya hana shi ganinsu. Ya san abin da ya kamata ya yi. Sai ya naɗe taswirar ya mayar da ita inda take.

Ranar Alhamis mai wanki ya zo kamar kullum. Ya jingine kekensa, ya kwance ƙunshin, ya rusuna ya yi gaisuwa. Auta tana gindin bangonta. Sai ta juyo da kai a hankali, kamar wuyan ya yi mata nauyi, ta buɗe baki. Muryar da ta fito ba tata ba ce. Murya ce ta tsohuwa tukuf, mai kauri, mai ɗan gurgura kamar ana magana da ruwa a maƙogwaro.

"Mai wanki, kwana da yawa. Ba ka zuwa bakin ruwa yanzu. Ina 'yar siririyar nan da ke kawo maka abinci a shuɗin kwano, ta zauna a kan dutse tana yi maka tsiya?"

Ƙunshin ya suɓuce daga hannun mutumin. Uwar ta saki salati ta toshe baki. Mai wanki ya dubi yarinyar. Da ƙyar ya sunkuya ya tattara rigunan da suka zube, yana kaɗe musu ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "wannan ba ciwon asibiti ba ne. Akwai wani malami a bayan tsohuwar tasha, mai sayar da littattafai. Ba ya son suna, amma Allah ya ba shi sani. In ka yarda in je in roƙe shi. Yarinyar nan ba ta ci wannan wahala ba."

Mai Awo ya so a ce mutumin ya zage shi. Da ya fi masa sauƙi. Kai kawai ya iya ɗagawa.

Malamin ya zo washegari bayan la'asar, a ƙafa, da 'yar jaka ta yadi. Dattijo ne ɗan ƙarami, gemunsa fari, tabaransa ɗaure da zare a gefe ɗaya. Bai yi gaggawa ba. Ya zagaya gidan, ya taɓa bangon kudu, ya ɗauki dutse ɗaya daga tulin da aka tara a bayan ƙofa ya jujjuya shi.

"Ina yaro na yi iyo a nan," ya ce, kamar da kansa yake magana. Bai dubi Mai Awo ba.

Suka yi magariba tare a tsakar gida. Da aka idar ya sa aka shimfiɗa tabarma a falo, aka zaunar da Auta, uwarta ta riƙe ta ta baya, aka lulluɓe mata ƙafafu. Ya ce uban ya zauna inda za ta gan shi. Sannan ya fara karatu, a hankali, ba ɗaga murya, kamar mai lallashin jariri. Unguwar ta yi tsit. Ko babur bai wuce ba. Tun ana ganin fuskokin juna har sai da matar ta miƙa hannu ta kunna fitila. Karatu yana tafiya, ƙarar ruwan da ke ƙasa tana ƙaruwa, har ba sai an kara kunne ba. Yatsun Auta suka fara karkarwa. Kanta ya sunkuya, ya sake ɗagowa, idanun a buɗe amma babu ita a cikinsu.

"Ya isa, Malam," in ji tsohuwar muryar. "Kana ƙona ni, ni kuwa ban zo faɗa da kai ba."

"Wace ce ke?"

"Mai wurin."

"Wuri na Allah ne. Tun yaushe kike nan?"

"Tun tudun can bai san gatari ba. Kakanninku sun same mu, suka ɗebi ruwa, muka kawar da kai. Suka yi wanki, suka kama kifi, ba mu ce komai ba. Mun zauna lafiya. Sai mai igiya ya zo." Hannun yarinyar ya ɗago ya nuna uban. "Ya auna mu tsawo da faɗi. Mun ɗauka girmamawa ce. Ashe awon likkafani yake yi mana."

"An zalunce ku, na ji," Malam ya ce. "Amma yarinyar nan me ta yi muku? Ranar da aka zuba ƙasar nan ko wanka ba ta iya yi wa kanta ba. Kin bar mai laifi kin kama marar laifi. Ke ma kin yi zalunci ke nan."

Aka yi wata dariya marar daɗi. "Zalunci? Da aka danne mu, mun yi haƙuri, muka matsa ƙasa muka takure. Da ruwa ya rasa hanya ya tafi inda ba a aike shi ba, muna ji. Mun ji bangon ya faɗi. Mun ji matar tana kiran sunan mijinta har ta daina. Muka ce yanzu kam zai yi magana. Shekara shida muna saurare a ƙarƙashin gadonsa. Yana juyi, yana tsaki, yana tashi ya sha ruwa, amma bai yi magana ba. Duk da haka ba mu taɓa shi ba. Sai da ya dubi 'yar cikinsa ya ce mata ba a taɓa yin mu ba."

Matar ta juyo ta dubi mijinta ta saman kan yarinyar. Malam ya cire tabaransa ya goge da bakin riga.

"Bawan Allah," ya ce, "ni ba na kafa hujja da maganar aljani. Suna ƙarya kamar yadda muke yi. Kai nake tambaya. Akwai gaskiya a abin da ta faɗa?"

Mai Awo ya juya wajen 'yarsa. Ya dubi ƙafafun Auta da suka fito daga lulluɓin, sun yi fari sun yamutse kamar na wanda ya wuni a ruwa. Ƙafafun da ya saya wa takalmin makaranta wata biyu da suka wuce.

"Akwai," ya ce. "Akwai rafi. Ni na cire shi daga takarda, da hannuna. Na san inda ruwan zai bi in an toshe nan, aikina ne in sani. Na ce a raina ba zai kai haka ba. Da matar ta mutu aka tambaye ni, na ɗora wa mutanen gangare laifi." Ya rufe fuska da tafukansa. "Mijinta ke goge mini riga."

Hawaye na zuba a fuskar matarsa, amma ba ta saki 'yarta ba.

"To kin ji," in ji Malam. "Me kike so ki fita?"

"A kwashe gidajen nan arba'in, a mayar mana da tafkinmu."

"Ba zai yiwu ba. Mutanen da ke ciki da guminsu suka saya, ba su san komai ba. Ba za a gyara ɓarna da wata ɓarnar ba."

"To a bar mini yarinyar. Tana da taushin zuciya, ita kaɗai ta tambaya ko muna nan."

Malam ya ci gaba da karatu daga inda ya tsaya, wannan karon da ƙarfi. Jikin Auta ya sandare, ta yi wata ƙara da ta sa tayil ɗin ya amsa. Dutse ya faɗo tsakiyar tabarma, wani ya bi shi. Dattijon ko ƙifta ido bai yi ba.

"Tsaya! Tsaya, na bari!" Numfashi ya yi ta fita da ƙyar. Da muryar ta dawo ta yi laushi, ta zama ta gajiyayyiyar tsohuwa kawai. "Hanya. A ba ruwa hanya, ko faɗin gaba biyu ne, ta inda yake bi tun farko. Mu bi shi mu tafi kogi, mun gaji da zaman duhu."

"Ta cikin gidan nan ke nan."

"Ta cikin ɗakin nan da kuke zaune."

Malam ya dubi Mai Awo. "Na yarda," in ji uban.

"Saura ɗaya. Abin da ya faɗa yanzu, mu ya faɗa wa, mu kuwa mun riga mun sani. Ya je ya faɗa wa masu shi."

"Wannan ba sharaɗinki ba ne," Malam ya ce. "Ko ba ki faɗa ba, yana wuyansa. Yanzu ki yi alkawari da sunan wanda ya halicce mu da ku, za ki fita, ba za ki dawo ba, ba ke ba naki."

Ta yi alkawarin sau uku. Sannan ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ku ba ta abu mai zafi ta sha. Ta daɗe cikin sanyi." Babban yatsan ƙafar hagu ya yi rawa, ya miƙe, Auta ta yi atishawa mai ƙarfi sau biyu ta sulale jikin uwarta. Ƙarar ruwan ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, har ta ɓace. Can wani babur ya wuce a titi.

Yarinyar ta buɗe ido ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Mama, yunwa nake ji," ta ce da muryarta.

Da safe Mai Awo ya sauka unguwar gangare a ƙafa. Rabonsa da ita tun kafin ambaliyar. Ya tarar da mai wanki a ƙofar ɗakinsa yana hura gawayin dutsen guga. Mutumin ya zabura zai rusuna, Mai Awo ya riƙe kafaɗarsa ya hana shi, ya zauna a ƙasa kusa da baho, ya faɗa masa komai, bai rage ba, bai kuma nemi uzuri ba.

Mai wanki ya saurara har ƙarshe yana kallon gawayin. "Na sani," ya ce. "Duk gangaren nan an sani. A rafin nan aka yi mana wankan jarirai, wa zai ce mana babu shi? Amma wa zai saurari mai wanki a gaban mai takarda?"

"Ka sani, kake zuwa gidana duk Alhamis?"

"Yara uku ta bar mini, ranka ya daɗe. Sai sun ci." Ya juya dutsen gugar. "Kuma ina so in ga ko wata rana za ka iya kallon idona. Ni nawa na bar wa Allah tun tuni. Amma ba ni kaɗai aka yi wa ba." Ya ɗaga murya. "Ku fito, baƙo yana da magana da ku."

Suka fito su uku: babban, wanda ya fara gemu, da budurwa mai kama da uwarta, da ƙaramin da aka miƙo ta taga. Mai Awo ya sake faɗa tun daga farko, a gabansu, yana zaune a ƙasa suna tsaye. Wannan ya fi na jiya wuya nesa ba kusa ba.

Ranar Litinin ya kai tsohuwar taswirar ofis, ya rubuta bayani da hannunsa ya sa hannu. Aka dakatar da shi, daga baya aka sallame shi, ɗan kwangilar kuwa ya ce bai ma taɓa ganinsa ba. Kafin damina ta gaba aka fasa falon ta tsakiya, aka haƙa babbar magudana ta siminti ta ratsa gidan daga arewa zuwa kudu, ta bi bayan layi ta tafi kogi. Iyalin suka takure a ɗakuna biyun da suka rage. Wata uku matarsa ba ta yi masa maganar da ta wuce ta abinci ba, sannan a hankali ta sauko. Auta ta koma makaranta, ba ta tuna komai, sai dai uwar ta zaunar da ita ta gaya mata, don ta ce an gama ɓoye-ɓoye a gidan nan. Da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, mutanen gangare suka kwana a bushe.

Mai wanki bai sake zuwa ɗaukar kaya ba, Mai Awo da kansa yake wanke 'yan rigunansa a bakin magudanar. Babban ɗan ya ce ya yafe. Ƙaramin ya ce shi bai ma san fuskarta ba, bai san me zai yafe ba. Budurwar ce ba ta ce komai ba ranar, ta juya ta shige ɗaki. Yanzu tana koyon ɗinki a shagon tela maƙwabcinsa, dole ta ƙofarsa take wucewa safe da yamma. Duk lokacin da ta taho sai ya miƙe tsaye, mutum mai furfura, ya ce, "Sannu 'yata, an tashi lafiya?" Sai ta wuce kamar ba ta ji ba. Shekara biyu ke nan ba ta amsa ba, shi kuma bai fasa miƙewa ba.